Abincin da Muka Ci Ranar Aikin Inna

Ranar Laraba ce, ana tsakiyar yankan gero, shekarar da nake aji huɗu a firamaren garinmu Aujara. Tun da hantsi muke zaune a kan benci a barandar wani asibiti a Dutse, ni da ƙanena Nasiru, muna kallon ƙofar da aka tura Inna a kan gado mai taya. Ta kwana tana naƙuda haihuwa ta ƙi zuwa, likita ya ce sai an yi mata aiki. Mu kuwa an taho da mu ne don kowa yana gona, babu wanda za a bar wa mu. Baba yana jingine da bango yana jan carbi, ko kallonmu ba ya yi. Da Nasiru ya fara kukan yunwa, sai Kawu Sabo, ƙanen Inna da ke koyarwa a Dutse, ya ce, "Dije, kamo hannunsa, ku zo ku ci abinci."

Kafin ranar ban taɓa cin abinci a waje ba. A gidanmu, in na dawo daga makarantar allo da yamma, ni ke ɗaure awaki, in share tsakar gida, in shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya. Inna ta kwashe tuwo, na Baba a akushi, namu a kwano ɗaya. In an yi sa'a akwai nama a miya, ba mai kai masa hannu sai ta zo ta gutsuttsura da yatsunta ta ajiye wa kowa a gabansa. Takan ce, "Yaro ba ya zaɓar nama, ba shi ake yi." Ko gyaɗa ta gan ni ina ci a hanya sai na sha faɗa.

Kawu ya ɗora mu a babur ɗinsa ya kai mu wani gidan abinci a bakin titi. A ƙofa mai gashi yana juya tsire da balangu a kan wayar gashi, kitse yana ɗiga a garwashi, hayaƙi ya cika wurin. A ciki kuwa ga dogon tebur jere da manyan kwanukan silba masu murfi, kowanne da 'yar wuta a ƙarƙashinsa. Na ga dafa-duka, tuwon shinkafa, miyar taushe, waina, da farfesun kayan ciki. Mutane suna bin layi, kowa da farantinsa yana ɗiba da kansa, ba wanda ya ce masa ya isa. Kawu ya miƙo mini faranti, na riƙe da hannu biyu ina tsoron kada ya suɓuce. Na ɗibi shinkafa kaɗan, sai nake ji kamar sata nake yi, ina jiran wani ya daka mini tsawa.

Muka zauna a kan kujerun roba. Aka kawo balangu a tire, da albasa da yaji a gefe. Kawu ya ajiye wayarsa a kan tebur, ya ce, "Raba muku, Dije." Nasiru ya zuba mini ido yana jira, kamar yadda yake jiran Inna. Na tuna wata 'yar ajinmu da uwarta ta rasu wajen haihuwa, ta daina zuwa wasan gaɗa, ita ke goyon ƙannenta, ita ke raba musu abinci. Sai wani tunani na yarinta ya shige ni, cewa in na taɓa naman nan na raba, shi ke nan na karɓi aikin Inna, ba za ta fito daga ɗakin da ake yi mata aiki ba. Na cusa hannuwana cikin hijabi. Nasiru ya ce, "Yaya, ki ba ni mana." Na yi kamar ban ji ba. Kawu bai tambaye ni dalili ba, ya jawo tiren ya zuba masa da kansa.

Nasiru ya ci har maiƙo ya ɓata masa riga. Ni kuwa na ture shinkafar gefe, wayar kawai nake kallo. Da ta yi ƙara, Kawu ya fizge ta ya fita waje. Ta gilashi nake hango shi kusa da mai gashi, ya ba mu baya, yana goge ido da hannun riga, na rasa ko hayaƙi ne ko kuka. Da ya dawo sai ya tsuguna a gabana ya ce, "Innarku ta farfaɗo, har ta tambaye ku. Jaririn ne Allah bai yi zai zauna ba." Ban san lokacin da na kifa kai a tebur ba. Ina kuka, ina kuma jin kunyar daɗin da ya cika mini ciki. Kawu ya sa aka naɗe sauran naman a takarda muka kai wa Baba.

Yanzu irin waɗannan wurare sun yi yawa a Dutse, nakan kai 'ya'yana ranar Asabar. Suna shiga da gudu, kowa ya cika farantinsa, su zaɓi tsokar da suke so ba tare da sun waiwaye ni ba. Inna tana nan da ranta a Aujara, Kawu Sabo ne ya riga mu gidan gaskiya. Sai da na girma na lissafa cewa a lokacin ko aure bai yi ba, kuma Inna ce ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Na tuna farantinsa a cike muka bar shi. Shi ma ranar uwarsa ce a ɗakin nan, bai dai bari mun gani ba.