Yayata Mai Kallon Ƙafa

Yayata ta yi shekaru tana tsaron raga a wata ƙungiyar ƙwallon hannu ta mata, har albashi ake biyanta, ko da yake tsofaffin garinmu Gazara ba su taɓa yarda aiki ba ne. Abin da ya ɗaure mini kai daban ne. A gidanmu an hore mu da sunkuyar da kai gaban manya, ita kuma ta fi kowa. To yaya mai irin wannan kunya take tare ƙwallon da aka wurgo kamar dutse?

Ranar da na fara ganin wasanta a Zariya haushi ya kama ni. 'Yar wasa ta taso a guje, yayata kuwa kai a sunkuye kamar ta je gaida surukai. Sai ga hannunta ya riga ƙwallon isa kusurwa.

Da ta zo hutu, muna ɓarar masara a tsakar gida, na tambaye ta. Ta ce kocinsu ma ya yi faɗa kan sunkuyar da kan har ya gaji.

"Ai da fuska masu wurgo ƙwallo suke yaudara," in ji ta. "Ni kuwa tun ina ƙarama ƙafafun mutane nake kallo. Daga takun Inna nake gane ko duka ne ko aike."

Yanzu ta daina wasa. Amma duk ranar da na je gidanta da maganar da nake son ɓoyewa, tun daga zaure nake sauke zanena har ƙasa.