Gawar da ke amsa sallama

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina shan koko waya ta shigo daga Gashuwa, wai Baba Modu ya rasu.

Duk wanda ya san layin masu busasshen kifi a kasuwar Nguru ya san shi. Mu 'yan dirama kuwa Maigida muke ce masa.

Bara muka ɗauko aikin da ya fi ƙarfinmu, fim irin na Turawan Ingila na da, wanda ake kashe maigida, manya na falo, barori na kicin, a yi ta binciken wanda ya yi. Muka mayar da labarin zamanin jirgin ƙasa, a wani tsohon gidan reluwe. Baba Modu muka ba maigidan saboda tsayinsa da furfurarsa. Aikinsa ɗaya tak: ya kwanta a kafet ya mutu.

Wallahi abin ya gagara.

Da ɗan sanda mai bincike ya shigo da sallama, sai gawa ta ce, "Wa alaikumus salam, sannu da zuwa." Muka ce ɗan sandan ya bar sallamar, ya ce shi ba akuya ba ne da zai faɗa gidan mutane haka. Baba kuma ya ce, "Yarana, ba zan ji sallama in yi shiru ba, ko a mace nake." Mun yi dariya har da hawaye, darakta kaɗai ke kumbura.

Lokacin cin abinci, masu kwat su hau tebur, masu kayan barori su tsuguna a baya. Shi sai ya ɗauki kwanonsa ya bi su kicin da ƙullin kifi. "Maigida ya mutu, yau kowa da hannu zai ci." Kullum sai ya ware wa Grace, mai fitowa a kuku, kan kifin, don ya san tana so.

Fitowar gawar nan kaɗai ta rage mana a fim ɗin, sai ciwo ya kwantar da shi, 'yarsa ta tafi da shi Gashuwa. Da na je dubiya ya rame sosai, amma ya riƙe hannuna ya ce, "Ku tanadi kyamara. In na tashi zan daure, ba zan sake ɓata muku ba."

Yau na samu jana'iza da ƙyar. Na shiga ɗakin da aka shirya shi, na yi sallama, na tsaya ina jira kamar wawa.

Bai amsa ba.

Ya Allah Ka jiƙan Baba Modu, Ka sa mala'iku su tarbe shi da irin sallamar da bai taɓa ƙin amsawa ba. Don Allah wanda ya karanta ya sa shi a addu'a.