Baba Bulus da tofidon Jamus

Cikin shekarun da na yi ina kula da kwamfutoci a gidan gem ɗinmu na Azare, inda ake wasannin kwamfuta, ranar da ta fi zauna mini a rai ita ce wata Asabar ta damina da Baba Bulus ya tuƙa jirgin yaƙi. Ku da kuka fara aiki kwanan nan kuna ganinsa yana shigowa da lemarsa, amma ba ku san mafarin zuwansa ba.

A lokacin ni ne mai kula da ɗakin ciki, inda ake wasannin da ake haɗuwa da mutanen wasu garuruwa ta intanet. Aikina in kunna na'urori, in duba layi, in zaunar da mutum, in koya wa sabo. Sama da ni akwai Alhaji Sabo, mai gidan, mutumin Misau.

Baba Bulus tsohon malamin gona ne daga kudancin Bauchi. Ya yi aiki a Giade da Dagauda, da ya yi ritaya ya zauna a Azare. Ranar da ya fara zuwa na ɗauka hoton takardu yake nema, har na nuna masa shagon maƙwabcinmu. Ya ce a'a, wasan jiragen yaƙi ya zo koya. Da na tambayi dalili, ya ce tun rasuwar matarsa magana ta ƙare tsakaninsa da ɗansa Yakubu, wanda ke aiki a Fatakwal. Ba faɗa suka yi ba. Uwar ce dama take riƙe hirar, da ta tafi sai wayarsu ta koma gaisuwa da tambayar lafiya. 'Yarsa ce ta gaya masa Yakubu yana wannan wasan duk Asabar da yamma tare da abokansa, har ta roƙa masa a saka shi cikinsu. Yakubu ya yi dariya, ya ce gurbin da ya rage ɗaya ne, na jirgin tofido, wanda kowa ke gudu.

Na kai maganar wurin Alhaji. Ya ce, "Ka ba shi kwamfutar da ke kusa da fanka, ya riƙa zuwa da hantsi kafin samari su cika. Duk wanda ya yi masa dariya ka turo mini shi."

Ga wanda bai san wasan ba, an gina shi ne a kan Yaƙin Duniya na Biyu. Tofido wani dogon bam ne da jirgin sama ke saki cikin teku, ya yi ta gudu a ƙarƙashin ruwa har ya daki jirgin ruwa. Na Jamus ɗin da aka ba Baba yana da sharuɗɗa. Sai ka sauko ƙasa ƙasa kamar za ka taɓa ruwa, ka rage gudu, ka miƙe ba karkacewa. In ka sake shi daga sama ko da gudu, ya lalace da zarar ya faɗa. In ka matsa kusa da yawa, ya daki jirgin bai fashe ba. Duk wannan kuma bindigogin jirgin ruwan suna kanka. Shi ya sa samari ba sa sonsa.

Da na gama bayani, Baba ya tambaye ni ɓangaren wa yake. Na ce Jamus. Ya girgiza kai, ya ce kawunsa ya je yaƙin Bama a ɓangaren Ingila, shi kuma ga shi da furfura ya shiga rundunar abokan gaba. Sai da na tabbatar masa ba ran kowa a cikin jirgin ruwan sannan ya kama maus, linzamin kwamfutar.

Farkon koyon ya sha wuya. Yatsunsa sun yi tauri, in na ce ya sauko sai ya nitse cikin teku. Amma ba ya fushi, sai ya gyara tabarau ya ce a sake. Abu ɗaya ne ban koya masa ba, wato auna gaban jirgin maimakon jikinsa. Ya ce ai haka suke jifan zomo da sanda a ƙauyensu, inda zai je ake jifa. Haka muka yi 'yan makonni, har ya fara samun jiragen gwaji jefi-jefi.

Ranar Asabar ɗin ya zo da wuri cikin riga mai guga, kamar mai zuwa coci. Ɗakin a cike yake, amma samarin sun san labarin, wasu suka bar wasansu suka tsaya bayansa. Na saka masa abin sauraro a kunne, na jona ƙaramar sifika don in ji abin da ake cewa in taimaka. Muryar Yakubu ta fito, ya gaishe shi a gajarce, ya gabatar da shi ga abokansa, aka fara.

Baba ya sauko daidai, ya rage gudu daidai. Da jirgin ruwan ya fara harbi, na ga jirgin Baba ya fara karkata. Wani jirgin abokan gaba kuma ya biyo shi ta baya. Na buɗe baki zan yi magana, sai Yakubu ya riga ni.

"Baba, kada ka juya. Ina bayanka, ka miƙe kawai."

Baba ya miƙar da jirginsa. Yakubu ya kakkaɓo mai bin sa, Baba ya danna, tofidon ya shiga ruwa lafiya ya ja farin layi. Kowa ya zuba ido. Sai jirgin ruwan ya juya, tofidon ya wuce ta gaban hancinsa, bai taɓa shi ba. Aka kuma harbo Baba.

Na ji ba daɗi. Ina neman abin da zan ce, sai na ji Yakubu yana dariya yana cewa Baba ya saki da wuri. Baba ya ce ƙarya ne, matuƙin jirgin ruwan ne matsoraci. Suka shiga musu. Abokan suka yi sallama ɗaya bayan ɗaya, su ba su daina ba. Can Baba ya ce, "Taurin kan nan naka na mahaifiyarka ne." Sai Yakubu ya ce a hankali, "Jiya na yi mafarkinta, Baba."

Na zare sifikar, na yi wa samarin alama muka fita waje. Ruwa ya fara yayyafi, muka rakuɓe ƙarƙashin rumfa. Alhaji ya dawo daga sallar la'asar ya same mu a tsaye, na gaya masa abin da ke ciki. Ya ce kada wanda ya shiga sai dattijon ya fito da kansa. Ya daɗe bai fito ba. Da ya fito idonsa ya yi ja, ya riƙe hannuna ya ce, "Malam Habu, ka ajiye mini kujerata Asabar mai zuwa."

Daga baya ya nutsar da jirage da yawa, Yakubu ma ya zo Kirsimeti ya shigo ya gaishe mu. Abin da na koya shi ne, a wannan aikin ba ka sanin abin da ya kawo mutum gaban kwamfuta sai ka tambaye shi. Don haka duk wanda ya shigo, komai shekarunsa, ku ba shi kujera, ku tambaye shi, ku koya masa da haƙuri. In kuma kuka ji hirarsa ta bar maganar wasa, ku tashi ku ba shi wuri.