Kakinsa Yana Wurina, Gwaggo

Ranar Talata, sha ɗaya ga wata, bayan azahar, Allah ya karɓi ranki a gadon asibiti, Gwaggo. Na Allah ne mu, gare Shi kuma kika koma.

Ni ba mai magana ba ce, kin sani. Shiru-shiru kike kirana. Da wankau kika riƙe ni tun rasuwar Baba, hannuwanki duk sun tsage da sabulu. Kullum sai ki ce ni in yi shanya kawai, hannuna na biro ne.

Da zaɓe ya matso, mutanen unguwa suka yi taro a makarantar da na gama bara, inda ake ajiye akwatin ƙuri'a. A zaɓen baya masu kaki da bindiga sun shigo har cikin aji, tsofaffi suka watse ba su jefa ba. Aka yarda wannan karon masu bindigar su tsaya a bakin layinmu, kada su shigo. Maza suna ta musun wa zai tsayar da su, kika miƙe kika ce kowace mace ta kawo igiyar shanyarta.

Ranar zaɓe muka ɗaure igiya daga bangon shagon tela zuwa turken lantarki, muka cika ta da jiƙaƙƙun zannuwa. Mai ƙuri'a ya ɗaga zane ya wuce, mota kuwa babu hanya. Har Kaka ta jefa tata tana dariya.

Sai ga Mai Sitaci da bindigarsa. Ke kika sa masa sunan, don duk kakin da ya kawo miki wanki sai ya ce sitaci bai ji ba. Ranar da ya yi zazzaɓi a ƙofarmu, ke kika jiƙa masa magani. Amma ranar zaɓen nan ya ce a kwance igiya. Kika ce, "Ɗana, ajiye bindigar ka shigo, ko ka tsaya nan." Ya ɗaga gindin bindiga ya buga miki a ƙirji. Ina riƙe da bokiti, na gani.

Yanzu manyansa suna cewa ba a san wanda ya yi ba. An soke ƙuri'un unguwarmu, za a sake ranar Asabar, mata kuma sun tsorata.

Gwaggo, kakinsa na ƙarshe yana cikin kwandonki, a goge, da sunansa ɗinke a ƙirji. Ya aiko a karɓa. Na ce wa ɗan aiken mai wankin ta mutu, ya je ya tambaye shi dalili.

Ranar Asabar zan ɗaure igiyarki ko da ni kaɗai ce. Zan rataye kakin nan a tsakiya, sunan yana kallon masu layi. Duk wanda ya tambaya zan buɗe baki in faɗa. Ban yafe ba. Allah ya hana shi barci, ya sa hannun nan ya ba da shaida a kansa ranar hisabi.

Allah ya jiƙanki, ya wanke ki fes kamar yadda kika wanke kayan mutane, ya haskaka kabarinki. Kaka, Kawu, matan layinmu, Allah ya ba mu haƙuri. Mai sauran igiya ta fito da ita.