Ɗacin da Na Samo a Cheras

Mun tashi daga Ipoh zuwa Kuala Lumpur gari bai gama wayewa ba, mu uku: ni, uwargida, da wani maƙwabcinmu Bakano mai mota. Makon ne aka buɗe hanya tsakanin jihohi bayan dogon kulle. Ba yawon buɗe ido ya fitar da mu ba. Wata huɗu ke nan da korona ta sake ni, amma ta tafi da hancina da harshena. Tuwo da takarda duk ɗaya ne a bakina, ga shi karatuna na sarrafa abinci ne. Har na fara tunanin tattara kayana in koma Pankshin.

Hanyar kuwa sumul, ba rami ko ɗaya. Gonakin kwakwar manja dama da hagu, duwatsu sun yi rawani da hazo. A wurin hutawa kowa da takunkumi, sai ka nuna shaidar rigakafi a waya kafin a sayar maka da shayi. Su biyu suna ta yaba nasi lemak, shinkafar nan da ake dafawa da madarar kwakwa. Ni dai tauna kawai nake yi.

Da hantsi muka shiga Kuala Lumpur. Garin ya burge ni: jiragen ƙasa na wucewa a kan gada a saman kai, titi tsaf, sai dai shaguna da yawa a garƙame. Likitar da muka je gani a unguwar Titiwangsa ta leƙa hancina, ta ce ba ta da ƙwayar da za ta ba ni, in yi haƙuri, in riƙa shinshina abubuwa masu ƙarfi.

Daga nan muka wuce unguwar Cheras wurin wani ɗan garinmu. Da ya ji bayani, ya ja mu wani ƙaramin shago da ke sayar da giyar ƙananan masu dafawa. Bakano ya yi dariya ya ce, "Ni nan iyakata. Ina shagon mamak, na Indiyawan nan Musulmi, ku same ni kan shayina."

Mai shagon, wani Basine mai furfura, ya ce kullen ya kusa rufe shi. Ya zubo mini wata giya ruwan ƙasa, mai kumfa kamar ta sabuwar madara. Ya ce irin dahuwar Jamusawa ce, da gasasshen tsiron sha'ir da wani fure mai ɗaci, kuma a wuri mai sanyi ake barinta ta kwanta makonni.

Kurɓar farko, ruwa. Ta biyu, ruwa. A ta uku wani abu ya taɓa can ƙarshen harshena, siriri, kamar an goga mini gauta. Ɗaci! Na riƙe ta a baki, na fitar da numfashi ta hanci. Sai ga ƙamshin ƙanzo, da na tsiron dawa da mamata ke shanyawa a kan dutse idan za ta dafa burkutu.

Uwargida ta ce, "Baban Ladi, lafiya? Kuka kake yi?"

Na ce, "Tana da ɗaci."

Mai shagon ya zaci kushe ne, ya miƙo hannu zai canza mini. Na riƙe kofina gam. Da aka fassara masa, ya sauke takunkumi don in ga murmushinsa. Gaskiya mutumin da ya dafa ta ya san aikinsa: ɗacin ba ya cizo, zaƙin ba ya gundura. Tsada kam akwai, kofi ɗaya na sha.

Ban ce giya magani ce ba. Wataƙila lokacin ne ya yi, ita kuma ta zo a kan gaɓa.

Da la'asar muka kamo hanyar gida. Ba mu yi nisa ba na ce, "Malam, me ya mutu a motar nan?" Ashe duriyan, ɗan itacen nan mai ƙaya da tsananin wari, Bakano ya saya ya ɓoye a but ɗin motar, yana ganin ai ba zan ji ba. Ya buga sitiyari yana cewa, "Alhamdu lillahi, hanci ya dawo!"

Mun iso Ipoh lafiya, tagogi a buɗe. Abin da na koya shi ne, lafiya ba jin daɗi kaɗai ba ce. Wanda ke iya jin ɗaci da wari ma, ya gode wa Allah.