Rakiyar Ganga a Gonar Surukina

Kawuna makaɗin gangar noma ne, kuma bai yarda a yanke kiɗa farat ɗaya ba. Yakan rage hannu a hankali, sautin yana sauka har sai ka rasa lokacin da ya ƙare. Wannan shi yake kira rakiya, wai ganga baƙuwa ce, sai an taka mata zuwa bakin hanya.

Daminar da nake neman aure a Kebbe, aka kira gayya a gonar geron mahaifin yarinyar. A can kuwa saurayin da ya faɗi a gonar suruki, ko ya ajiye galma ganga na tashi, ya gama zama abin dariya, auren ma sai dai ya ji labari. Ni ko na daɗe ina zaman shago a Tambuwal, hannuna ya yi laushi kamar tuwon shinkafa. Na hau babur da Kawu a baya, ina ta cika baki.

Da hantsi na yi abin kirki. Rana na take tsaka sai ƙafafuna suka fara rawar da ba ta ganga ba, gero ya koma mini bibbiyu. Tsoro ya kama ni sosai. Ga mahaifin yarinyar zaune a inuwa, ido ƙur a kaina.

Sai na ji gangar ta sassauta, kaɗan dai. Galmomin samari suka bi ta ba su sani ba. Ta ƙara sauka, muka ƙara lafawa, numfashina ya dawo. Haka Kawu ya yi ta janye hannu, har lokacin da na kai ƙarshen layina babu sauran sauti sai kukan kurciya. Kowa ya ajiye galma tare, aka nufi fura.

Wani saurayi ya yi ƙorafin an tsai da kiɗa da wuri, Kawu ya ce, "Hwatar ganga ta yi zahi. Mi kaka so in yi?"

Bayan biki na gaya wa surukina cewa ƙarfina ne ya burge shi. Ya yi dariya har da tari.

"Wane ƙarhi, yaro? Ina kallon gwiwunka. Na dai ji sa'adda kawunka ya hwara rakiya. Nic ce gidan da aka ruhe ma mutum asiri hakanga, nan ɗiyata za ta zamna."