Tabar Shisha a Firizar Zoɓo

Jiya da rana na buɗe firizar maiɗakina in ɗauki ruwa, sai ga robobin tabar shisha a jere tsakanin ƙullin zoɓo. Amanar wani abokin cinikina ce na Ƙonni, zai zo ɗauka ran kasuwa. Wai maiɗakina ta ga zafin Illela ya yi yawa, ta sa su ciki kada su lalace.

Na buɗe ɗaya, ta ƙanƙare, ƙamshin tuffa ya ɗauke ɗif.

Na kira Baba Ɗanjumma, tsohon ɗan tireda da ya san harkar.

"Baba, in shanya ta a rana?"

"Rana mi? Kashe ta za ka yi! Kak ka ƙara buɗe ko guda, raɓa na shiga ta lalace. Aje su ɗaka cikin inuwa har sanyin shi sake su."

Yau da safe na juya ta da cokali, ƙamshi ya dawo ya cika ɗaki. Alhamdulillahi, mutuncina ya tsira.

Maiɗaki kuwa har yanzu cewa take ita ta cece su.

Ku fa, me aka taɓa jefa muku a firiji da sunan taimako?